Abin da aka tattauna kan disleksiya, a taƙaice

An yi doguwar tattaunawa kan disleksiya, wato wahalar koyon karatu da rubutu, ga abin da na tsinto.

1. Kusan kowa ya yarda disleksiya ba daƙiƙanci ba ce, ba kuma lalaci ba. Matsalar tana wajen haɗa harafi da sautinsa. Yaro zai ba ka labari tiryan-tiryan da baki, amma a miƙa masa takarda sai ya maƙale a kan kalma ɗaya, yana bin ta da yatsa.

2. Tana bin jini. In iyaye sun sha fama da karatu, a sa ido tun farkon firamare.

3. A koyar da sautukan haruffa daki-daki, kaɗan-kaɗan kullum, ana maimaitawa. Duka da gori tsoron littafi kawai suke sa wa yaro. Wannan ya fi taɓa ni.

4. Tashi da harshe biyu ba ya jawo ta. Ta dai fi fitowa fili a Turanci fiye da Italiyanci, inda ake rubuta kalma kusan yadda ake furta ta.

An rabu a kan ko tabarau mai launi yana taimaka wa masu disleksiya wajen karatu. Wasu sun yaba, wasu suka ce bincike bai tabbatar da amfaninsa ba, don matsalar ba ta ido ba ce, ko da yake likitan ido ne Bajamushe, Rudolf Berlin, ya raɗa mata suna.