Doka ce ta kori babura masu bugu biyu, ko masu saye ne suka juya musu baya?

Baba Makanike: Jama'a, ina nan kan bakana. Babura masu bugu biyu ba gazawa suka yi ba, dokar hayaƙi ce ta kore su daga titi. Injin nan duk juyi ɗaya na karanshaf sai ya ba da wuta, mai bugu huɗu kuwa sai ya juya sau biyu. Ba bawul, ba sarƙar taimin, fistin da kansa ke buɗe ramukan jikin silinda ya rufe. Shi ya sa Kawasaki H1 na 1969, mai cc 500 kacal, ya fito da ƙarfin doki 60, alhali Honda CB750 na shekarar sai da ya haɗa silinda huɗu a ajin 750 kafin ya ɗara shi da kaɗan.

Injiniya: Baba, da girmanka, wannan hayaƙin ai ba doka ce ta ƙirƙiro shi ba. Akwai lokacin da ramin shigar mai da na fitar hayaƙi suke buɗe tare, sai wani kaso na ɗanyen fetur ya bi salansa ya fice bai ƙone ba. Ga baƙin mai da ake ƙonawa tare da fetur ɗin. Da man fetur ya yi tsada a duniya a 1973, mai babur ya fara lissafi. Kawasaki da kansa ya fitar da Z1 mai bugu huɗu a 1972, ya daina H2 mai bugu biyu bayan 1975. Suzuki ya kawo GS750 mai bugu huɗu a 1976, GT750 mai bugu biyu ya ƙare a 1977. Kamfanonin sun ga inda kasuwa ta dosa.

Baba Makanike: Sun ga inda doka ta dosa dai, ɗana. Amurka ce babbar kasuwarsu, ita ce kuma ta matsa.

Mai RD350: Injiniya, ka taɓa hawa kuwa? Tambaya nake, ba gatse ba. Yamaha RD350 na 1973, giya shida, ƙarfin doki 39, ba nauyi. A ƙasa-ƙasa za ka ji shi sanyi-sanyi, yana ɗan tari, har ka fara raina shi. Kana murɗa totur allurar juyin inji ta haye wajen 6,000 a minti, sai kukan ya sauya, ya koma siriri mai kaifi, babur ya fizge ka har sai ka damƙe kan da kyau, tayar gaba tana neman barin ƙasa. Na yanzu sun fi shi gudu, ban musa ba. Amma ƙarfinsu a shimfiɗe yake zuwa, ba ya ba ka mamaki ko sau ɗaya.

Hajiya Babba: Ku da kuke gaba kuna jin daɗi. Mu da ake goyawa a baya mun san ɗigon baƙin mai a gefen tufafi, da warin da ba ya fita sai an yi wanki biyu. Amma fa ko yanzu na ji wannan kukan daga nesa sai na waiga.

Injiniya: Yaya, na hau, kuma wannan fizgar da kake yabo ita ce ta jefa mutane da yawa asibiti. H1 na farko birkin ganga gare shi a gaba, firam ɗin bai kai ƙarfin injin ba, a kwana yana rawa. Ka saki totur a gangara kuma injin ba ya riƙe ka sosai. Sannan filogi ya jiƙe ya mutu a tsakiyar hanya, kowa na yawo da sifiya a aljihu.

Baba Makanike: Filogi minti biyu ne. Ka ce mini wane babur na yau za ka buɗe kansa a gindin bishiya, ka sauya fistin da ringi, ka mayar, ka koma gida kafin magariba? Kuma zancen gauraya mai a galan tsohon labari ne, tun 1964 Yamaha ya sa famfon Autolube mai tura baƙin mai da kansa. Ku je filin tsere ku gani. Ɗan tseren Italiya Agostini ya ci kambun duniya na ajin 500 a kan Yamaha mai bugu biyu a 1975, daga nan ba a sake jin ɗuriyar mai bugu huɗu a kan kambun ba har 2001. A 2002 sai da aka sauya ƙa'ida aka ba masu bugu huɗu cc 990, kusan ninki biyu, kafin suka karɓe. Wannan ba doka ba ce?

Injiniya: A tsere akwai mai kwance inji bayan kowace gasa, Baba. Mai zuwa aiki kullum ba shi da wannan. Kuma Yamaha ya gwada bin dokar: RZ350 mai bugu biyu da ya sayar a Amurka a 1984 da 1985 har da matatar hayaƙi a cikin salansa. Shekara biyu ya janye shi.

Mai RD350: KTM kuwa ya sa wa masu bugu biyu na daji injekta tun 2018, suna nan ana saye. Da an so, da an yi wa na titi.

Autan Zaure: Iyayena, ni ban riski zamanin ba, amma an yi mini tayin wani mai bugu biyu da ya daɗe a ajiye. Mai shi ya ce kik ɗaya yake tashi. In saya?

Baba Makanike: Tashi ba shi ne lafiya ba, auta. Wanda ya daɗe a ajiye sil ɗin karanshaf ne ke bushewa, ya riƙa shan iska ta gefe, mai ya yi ƙaranci, inji ya yi zafi fistin ya kama kana cikin gudu. Ni an taɓa kawo mini wanda fistin ɗinsa ya huje a tsakiya saboda haka. Ka sauya sil, ka tabbatar famfon mai yana turawa, ka wanke kafireta. Ka yi 'yar tafiya ka kwance filogi: in bakinsa ruwan ƙasa ne lafiya, in fari fat ne kashe injin nan take. Yatsu biyu kuma kada su bar kan kuloci.

Injiniya: Auta, ka dai ji jerin aikin daga bakin mai kare su.

Baba Makanike: Aikin yini ɗaya ne. Auta, kafin ka biya ko sisi, turo mana hoton lambar firam da ta inji mu ga ko na babur ɗaya ne.