Neman shawara kan haɗa na'urar hita da wutar gida

Assalamu alaikum. A gidan da nake haya a Jamus, kowace hita ta ruwan zafi tana da na'ura mai buɗe bawul da rufe shi, wadda ke aiki da batir AA biyu, wato volt 3. Da na gaji da canjin batir a tsakiyar hunturu, sai na rage wutar cajar USB daga volt 5 zuwa 3, na jona wa na'urar da ke ɗakin kwana. Tana kamawa lafiya, amma da zarar ɗan injinta ya fara tura bawul, sai ta ɗauke ta sake tashi. Shin siririyar wayar da na jona wutar da ita, mai tsawon mita uku, ce ke raunana wutar, ko kuwa kafasita (ɗan abin da ke tara wuta ya sake ta idan an buƙata) ya kamata in ƙara, kuma mai wane girma? Don Allah masana lantarki ku taimaka mini.