Ziyarar Kasala da iyali: yaya baƙo zai kauce wa 'yan damfara?

Ɗan Mai Wurno:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina shirin kai iyalina Kasala, a gabashin Sudan, bayan Sallah domin mu ziyarci masallacin Khatmiyya da ƙabarin Sayyid Hasan al-Mirgani, sannan mu je dutsen Totil mu sha ruwan rijiyar nan da ake cewa duk wanda ya sha sai ya sake komawa garin. Abin da ke damuna shi ne garin yana dab da iyakar Eritiriya, kuma tun da yaƙi ya ɓarke a watan Afrilun 2023 ya cika da masu gudun hijira. Wace irin damfara ce ta fi yawa, kuma ina ne bai kamata baƙo ya taka ba?

Mazaunin Kasala:
Wa alaikumus salam, Malam. A ganina, inda aka fi cutar baƙo shi ne wajen kuɗi. Tun watan Disamban 2024 aka sauya takardun fam 500 da fam 1000 a jihohi da dama har da Kasala, don haka duk wanda zai ba ka canji, ka duba takardun ɗaya bayan ɗaya kafin ka bar gabansa, domin a tsakiyar ɗauri ake cusa tsofaffi. Sai kuma batun Bankak, manhajar Bankin Khartoum ta tura kuɗi ta waya. Tsabar kuɗi ta yi ƙaranci, ga masu zama a kasuwa suna karɓar turi ta waya su ba da tsaba bayan sun cire kasonsu. Ku yanke wannan kaso tukuna, kuma kada ka tura sai ka ga kuɗin a hannunsa. Idan kai ne za a tura wa, kada ka yarda da hoton shaidar turawa da za a nuna maka a waya, saboda ana ƙirƙirar na jabu. Ka buɗe asusunka da kanka ka ga kuɗin sun shiga.

Tsohon Direban Gadarif:
Ɗana, abin da ɗan'uwa ya faɗa gaskiya ne, amma asarar kuɗi mai sauƙi ce idan aka kwatanta ta da ta bakin iyaka. Za ka iya haɗuwa da dillalin da zai ce zai tsallakar da kai Tasanai, wani gari a cikin Eritiriya, ka sayo kaya da araha ka dawo a yini ɗaya, ba fasfo ba biza. Kada ka saurare shi ko da ya rantse da Alƙur'ani. Wannan yanki ne da masu safarar mutane suka daɗe suna aiki a cikinsa, har an sha sace 'yan gudun hijirar Eritiriya a kewayen sansanin Shagarab ana kai su Sina'i ta Masar don neman kuɗin fansa. Haka nan kada ka karɓi saƙon kowa a tasha, komai ƙanƙantarsa, domin idan aka buɗe shi a shingen bincike kai za a riƙe, mai shi kuwa ya daɗe da ɓacewa. Takardar lambar ɗan ƙasa, taka da ta uwargida, ta kasance a jikinku kullum. Mu Hausawa mun san yadda ake saurin tambayarmu asali. Gada da filin jirgi da duk wurin da ka ga soja, kada ka ɗaga musu waya da sunan ɗaukar hoto.

Hajiya Uwar Biyu:
Baba, kada ku tsorata bawan Allah har ya fasa tafiya. Iyalai suna zuwa Totil da yamma su sha jabana, wato gahawa, su koma lafiya. Abin da zan ƙara shi ne masauki: haya ta yi tsada, kuma akwai masu tallata gida a Facebook su nemi kafin alƙalami alhali gidan ba nasu ba ne. Malam, kada ka biya ko sisi sai ka shiga ɗakin ka ga ruwa da wuta, an kuma miƙa maka makulli. Mai rakasha kuma, wato babur mai ƙafa uku na haya, ku daidaita farashi da shi kafin yara su hau.