Neman asalin Jamusawan da suka yi ƙaura zuwa Amurka: ina ake kamo bakin zaren?

Mai Tambaya: Salamu alaikum. Idan iyali sun ce kakansu Bajamushe ne, ya shigo Amurka wajen 1880, amma ba su san garinsu ba, da me ake farawa? Takardun jirgin ruwa ko na ƙidayar jama'a?

Malam Na-Kundi: Wa alaikumus salam. Fara da ƙidaya, kuma daga baya-bayan nan ka riƙa komawa baya. Ta 1900 ce ta fi amfani, don tana ɗauke da wata da shekarar haihuwa, da shekarar shigowa Amurka, da matsayin mutum: Al baƙo ne, Pa ya shigar da takardun farko na neman zama ɗan ƙasa, Na ya zama ɗan ƙasa. Sai ka gwada da ta 1910 da 1920 da 1930. Kada ka yi mamaki in shekarar shigowa ta bambanta da shekara biyu ko uku, domin wanda malamin ƙidaya ya tarar a gida shi ke ba da amsa, wani lokaci ma maƙwabci. Ta 1890 kuwa ka cire rai, gobarar 1921 a Washington ta lalata kusan dukkanta.

Hajiya Mai Nasaba: Ƙari a kan na Malam: kada ka raina ta 1860 da 1870, in akwai dangin da suka riga shi shigowa. Jamus ba ta haɗe ba sai 1871, saboda haka a gurbin wurin haihuwa sau da yawa za ka ga sunan yankin da mutum ya fito, kamar Prussia, Bavaria, Baden ko Hanover. Wannan kaɗai ya rage maka rabin aiki. Giɓin 1890 kuma ana cike shi da ƙidayar jihohi, kamar ta New York ta 1892 da ta Wisconsin ta 1895. In zuriyar ta zauna Iowa, ta 1925 har sunan gidan mahaifiyar mutum take bayarwa.

Mai Tambaya: Na gode, Hajiya. To Ellis Island fa, tashar karɓar baƙi ta New York?

Malam Na-Kundi: Ba ruwanka da ita. Ranar 1 ga Janairun 1892 aka buɗe ta. Wanda ya sauka New York daga 1855 zuwa 1890 ta tsohuwar tashar baƙi ta Castle Garden ya bi. Sannan ba New York ce kaɗai ƙofa ba, jiragen da suka taso daga Bremen ta Jamus da yawa Baltimore suke sauka, wasu New Orleans ko Galveston. Matsalar jerin fasinjojin da aka miƙa a Amurka a wancan zamani ita ce suna, shekaru, sana'a da ƙasa kawai ya ƙunsa. Gurbin garin haihuwa bai shigo ba sai 1906.

Ɗan Tasha: Shi ya sa ake addu'a a ce ta Hamburg ya tashi. Jerin Hamburg na nan daga 1850 zuwa 1934, ban da shekarun Yaƙin Duniya na Ɗaya, kuma yana faɗin garin da mutum ya baro. Sai dai kashi biyu ne, nan ne mutane ke tuntuɓe. Akwai na waɗanda suka tafi kai tsaye, akwai na waɗanda suka ratsa ta Ingila, galibi su sauka Hull, su hau jirgin ƙasa zuwa Liverpool, sannan su tsallaka teku saboda ya fi araha. In ka ga Bajamushe ya iso cikin jirgin Liverpool, duba kashi na biyu. Ana samun su a shafin intanet na Ancestry.

Bremen kuma sai haƙuri. Tun 1875 aka fara zubar da tsofaffin jerin saboda rashin wurin ajiya, yaƙi na biyu ya cinye mafi yawan saura. Abin kirkin da ya tsira na 1920 zuwa 1939 ne. Mutanen Baden da Württemberg kuwa da yawansu ta Le Havre ko Antwerp suka fita.

Hajiya Mai Nasaba: Maganar suna ma a kula. Ba ma'aikatan Ellis Island ke sauya wa mutane suna ba, tun daga tashar da aka taso ake rubuta jerin. Mutanen da kansu suka mai da Müller Miller, Schmidt Smith, Zimmermann Carpenter. Kuma a gida ɗaya za ka tarar da Johann uku: Johann Georg, Johann Peter, Johann Adam. Sunan da ke bin Johann ne sunan kira, da shi za ka nema. Rubutun hannun Jamusawa na da, wato Kurrent, shi ma yana ruɗa masu kwafa, harafin e kamar n yake. Idan bincike ya ƙi fito da komai, rubuta haruffa uku na farko ka sa alamar tauraro a madadin sauran haruffan, ko ka nemi ƙaramin yaro mai sunan da ba a cika ji ba a cikin iyalin.

Malam Na-Kundi: In duk wannan bai ba da sunan ƙauyen ba, koma cocin Jamusawan unguwar da suka zauna a Amurka. Fastocin Lutheran sukan rubuta garin haihuwa a littafin aure da na jana'iza. Takardun zama ɗan ƙasa kafin Satumbar 1906 kowace kotu ke bayarwa, kuma galibi sunan sarkin da mutum ya daina yi wa mubaya'a kawai za ka gani. Ka bi 'yan'uwa da waɗanda suka tsaya shaida ranar baftisma, don 'yan gari ɗaya sukan taho tare.

Ɗan Tasha: Da ka samu sunan, tantance shi a Meyers Gazetteer, kundin sunayen garuruwan tsohuwar Jamus, domin Neustadt kaɗai garuruwa ne barkatai, wasu ƙauyukan ma yanzu suna Poland da sabon suna. Rajistar haihuwa ta gwamnati ba ta game ƙasar ba sai 1876, kakan naku kuwa kafin nan aka haife shi. Littafin coci za ka nema a shafukan intanet: Archion na Furotesta, ana biya, Matricula na Katolika, kyauta ne.