Bayan We Will Rock You, wace waƙa zan saurara?

Ɗan Auta: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema wajen manya. Waƙar nan ta Turawa da ake sakawa a filayen wasa, wadda ake buga ƙafa sau biyu a tafa sau ɗaya, ashe sunanta We Will Rock You, ta ƙungiyar Queen. Tun ina yaro nake jin ta a talabijin ban san masu ita ba. Kwanan nan na saurare ta daga farko har ƙarshe, wallahi sai da tsigar jikina ta tashi. Abin mamaki, minti biyu ce kawai. Wa ya san labarinta? Kuma wacce zan bi ta da ita?

Kawu Mai Kaset: Wa alaikumus salam ɗana. A 1977 ta fito, a faifansu mai suna News of the World. Ita ce ta buɗe faifan, We Are the Champions na biye da ita. To shawarata ta farko, kada ka raba su. Tare aka sake su a ƙaramin faifai ɗaya, gidajen rediyon Amurka ma a jere suke saka su ba tare da tsayawa ba. Ta farkon Brian May mai kaɗa jita ne ya rubuta, ta biyun kuma Freddie Mercury, babban mawaƙinsu. In ka ji jitar nan ta ƙarshe ta yanke, sai fiyano ya shigo a hankali, a nan za ka gane an yi su ne don juna.

Na Anfield: Kawu a ba ni dama in sa baki, don labarin ya taɓo mu. A watan Mayun 1977 Queen sun yi wasa a wani babban zaure da ake kira Bingley Hall a garin Stafford na Ingila. Sun gama sun sauka, amma jama'a suka ƙi tafiya, suka ɗauki You'll Never Walk Alone, waƙar da magoya bayan Liverpool ke rerawa, suna rera musu. Abin ya girgiza su. Daga nan Brian May ya tsaya yana tunani: mutanen da suka cunkushe wuri guda, ko motsi da ƙyar suke yi, me za su iya? Za su iya buga ƙafa, za su iya tafi, za su iya ɗaga murya. Sai ya gina waƙa a kan waɗannan ukun.

Mai Jita: Ɗan Auta, ka koma ka sake saurara, ka kasa kunne sosai. Babu ganga a cikinta ko ɗaya. Yawancin mutane ba su yarda sai sun sake ji. Ƙarar nan mai nauyi da kake ji, ƙafafunsu ne suke bugawa a kan katakai a situdiyon Wessex da ke Landan. Su kaɗan ne, amma aka yi ta ɗauka ana ɗorawa a kan juna, ana ɗan jinkirta kowace ɗauka da tazara daban, ta yadda kunne zai ji kamar dubban mutane ne, wasu a kusa da kai wasu can nesa. Brian May ɗin masanin kimiyya ne, fiziks ya karanta, daga baya ma ya koma ya kammala digirin digirgir a ilimin taurari a Imperial College a 2007. Ya san yadda sauti ke tafiya a cikin taro, shi ya yi amfani da shi.

Jitar kuwa ba ta shigowa sai a wajen daƙiƙa talatin na ƙarshe. Ni nan ne wurin da nake jira kullum. Tana fara gunji tun daga ƙasa, tana tasowa a ƙarƙashin muryoyin, sai ta ɓarke. Kuma ba jitar kanti ba ce, shi da mahaifinsa suka ƙera ta a gida tun yana saurayi, wuyanta daga katakon wani tsohon murhun ɗumama ɗaki. Da sisin Ingila yake kaɗa ta.

Ɗan Auta: Ikon Allah! Yaya Mai Jita, na koma na ji, gaskiyarka, babu ganga.

Anti Malama: Ƙanena, abin da ya kama ka ni na san shi. Duk wadda ta yi gaɗa a dandali tana yarinya ta san cewa tafi da ƙafa da murya sun isa su tayar da unguwa, ba sai da makaɗi ba. Mai ba da waƙa ta ja baiti, sauran su amsa. Haka wannan take, shi ya sa ba ta zame mana baƙuwa ba. Amma ina so ka lura da baitocin, don mutane amshin kawai suke riƙewa. Baiti uku ne. Na farko yaro ne mai hayaniya a titi yana burin zama babban mutum. Na biyu saurayi ne mai tafasar jini da yake ganin zai ci duniya. Na uku tsoho ne talaka da yake neman kwanciyar hankali. A karatuna mutum ɗaya ne, rayuwarsa aka bi daga ƙuruciya zuwa tsufa, kuma bai samu abin da ya yi buri ba. Jama'a na ihu da murna a kanta, alhali akwai ban tausayi a ciki. Wannan ne ya sa nake girmama ta fiye da sauran irinta.

Bazazzagi: Ni dai abu ɗaya zan ce: Live Aid, 13 ga Yulin 1985, filin Wembley. Taron tara kuɗi ne saboda yunwar Habasha. Mutum kusan 72,000 a filin, Queen suka samu minti ashirin da ɗan wani abu, kuma har yau ana lissafa wannan fitowa cikin mafi kyau da aka taɓa yi. Yana nan a YouTube, ka tanadi data ka kalla gaba ɗaya, kada ka tsallake komai.

Kawu Mai Kaset: Bazazzagi, Live Aid ba ta da na biyu, ban musa ba. Sai dai in don We Will Rock You ne, a ranar gutsure ta suka yi saboda ƙurewar lokaci, baiti ɗaya da amshi sai jita. Wanda ke son ya ga wadda ta fi wannan tsawo a gaban taro, ya nemi wasansu na Wembley na 1986. Akwai kuma wata siga mai sauri, da ganguna da jita tun daga farko, wadda suke buɗe wasa da ita a wancan zamani. Tana farkon faifan Live Killers na 1979, tana kuma cikin wasan Montreal na 1981. Tana da daɗi, amma ni ta asalin na fi so, don mai saurin ta mayar da waƙar hannun makaɗa.

Bakatsiniya: Akwai fim ɗin Bohemian Rhapsody na 2018, wanda Rami Malek, ɗan asalin Masar, ya fito a matsayin Freddie har ya ci Oscar. Yana da kyau, musamman ƙarshensa da suka sake shirya Live Aid. Amma kada ka ɗauki tarihi daga gare shi, sun nuna kamar a 1980 aka yi waƙar nan, alhali ta riga haka da shekara uku. Kuma ba na kallo da yara ba ne. Shi Freddie ɗin a Zanzibar aka haife shi a 1946, ya yi makaranta a Indiya, iyayensa suka koma Ingila a 1964 lokacin juyin juya halin tsibirin. Ya rasu a Nuwamban 1991.

Ɗan Damagaram: Kun cika zancen Queen, yaron nan ya tambayi wacce zai bi ta da ita. Eye of the Tiger ta Survivor, 1982, ta fim ɗin Rocky III. Duk wanda ya zauna a gidan kallo ya san bugun farkonta. Stallone, jarumin fim ɗin, ma waƙar Queen ya fara nema, Another One Bites the Dust, bai samu izini ba, sannan aka yi masa wannan. Sai The Final Countdown ta ƙungiyar Europe, mutanen Suwidin, 1986.

Mai Jita: Duka biyun suna da kyau, amma ni ga ma'aunina: in aka ɗauke wuta ana tsakiyar waƙa, jama'a za su iya ci gaba da ita su kaɗai? Eye of the Tiger ba za ta tsallake ba, ƙarfinta yana wajen jita. Wadda ta tsallake ita ce Livin' on a Prayer ta Bon Jovi, 1986. Labarin wani lebura ne a tashar jirgin ruwa da yajin aiki ya zaunar da shi, abokiyar zamansa na aikin gidan abinci tana riƙe da su. Jon Bon Jovi kan miƙa wa jama'a makirfo su yi amshin, kuma suna kai shi har inda muryar ke ƙara hawa sama a ƙarshe.

Ɗan Damagaram: Malam Mai Jita, da wannan ma'aunin naka The Final Countdown ta wuce. Ka taɓa jin fili guda na bin kiɗan farkonta da baki?

Mai Jita: Wannan kam haka ne, na ba ka ita.

Anti Malama: A ƙara masa Don't Stop Believin' ta Journey, 1981. Ita haƙuri take so, don amshin da kowa ya sani ba ya zuwa sai saura ƙasa da minti ɗaya waƙar ta ƙare. In kuma yana son mai sanyi, Wind of Change ta Scorpions, Jamusawa ne daga Hanover. Da fito ake fara ta. Sun yi ta ne bayan wasan da suka yi a Mosko a 1989, watanni kaɗan kafin rushewar katangar Berlin.

Ɗan Auta: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ya bar zumunci. Da Wembley na 1986 zan fara yau da dare. Kawu, a cikin na Queen akwai wata mai tafi irin wannan?

Kawu Mai Kaset: Akwai, Radio Ga Ga ta 1984, mai gangarsu Roger Taylor ne ya rubuta ta. Tana cikin Live Aid ɗin da Bazazzagi ya faɗa maka, ita ce ta biyu, za ka ga filin duka hannuwa a sama ana tafi biyu-biyu. Amma don Allah kada ka ji su ta lasifikar waya, bugun ƙafar ba ya fita. Ka nemi abin sawa a kunne mai kyau ko babbar lasifika.