Ovechkin ya ci na 895: har yanzu Gretzky ne sarkin hokin ƙanƙara?

Sani: Ranar 6 ga Afrilu 2025 Ovechkin ya ci na 895 a ragar New York Islanders, ya wuce 894 na Gretzky. Kuma a wasansa na 1,487 ya yi hakan, daidai yawan wasannin da Gretzky ya buga a NHL, babbar gasar hokin ƙanƙara ta Amurka da Kanada. A wurina gardama ta ƙare.

Binta: Malam Sani, gardamar ci kaɗai ta ƙare. A hoki, ci maki ɗaya ne, fas ɗin da aka ci da shi ma maki ɗaya ne. Gretzky yana da irin wannan fas 1,963. Jagr, wanda ke bi masa a yawan maki, jimillarsa 1,921 ce. Wato ko ka share duk cin Gretzky, shi ne dai a sama. Jimillarsa 2,857.

Sani: Hajiya, a wane zamani? A kakar 1981-82 da ya ci 92, ana cin kusan 8 a kowane wasa. Gololin lokacin a tsaye suke tsaro, kariyar ƙafafunsu ƙanana, ƙasan raga a buɗe. Daga baya gola Patrick Roy ya yaɗa salon durƙusawa a shimfiɗa ƙafafu, aka toshe ƙasan. Da irin waɗannan gololin Ovechkin ya yi fama.

Garba: Ku biyun duk kuna da gaskiya, amma aikinsu ba ɗaya ba ne. Ovechkin yana tsayawa a da'irar hagu idan aka fitar da ɗan wasan abokan hamayya na minti biyu, faifan da ake bugawa a madadin ƙwallo na isowa ya maka shi ba tare da ya tsayar ba. Kowa ya san inda zai tsaya, an kasa hana shi. Shi kuwa Gretzky bayan raga yake laɓewa. Gola bai iya juya wa fili baya, idan mai tsaron baya ya bi shi can sai gaban raga ya zama babu kowa, sai Gretzky ya miƙa wa abokin wasansa Jari Kurri.

Sani: To ai ƙungiyar Gretzky, Edmonton, ta sake ɗaukar Kofin Stanley, kofin zakarun NHL, a 1990, bayan an sayar da Gretzky ga Los Angeles Kings a 1988. Ƙungiyar ce ta yi ƙarfi.

Binta: Ta yi ƙarfi, ban musa ba, ga Messier ga Kurri. Amma zamanin da kake cewa ci ya yi araha, ai kowa da gololin nan ya buga. Gretzky kaɗai ya haura maki 200 a kaka guda, har sau huɗu, mafi yawa 215 a 1985-86. Lemieux da ya fi kusantarsa a 199 ya tsaya.