Na sa wa MGB sabon shokozoba, gaba ta sandare

Salam jama'a, don Allah masu tsofaffin motoci ku taimaka min, abin nan ya ishe ni.

Motar MGB ce, wata tsohuwar ƙaramar motar Ingila, ƙirar 1972. Shokozobanta na asali irin mai hannun nan ne da ake ɗura wa mai, na gaban duk suna yoyo, in ka danna hancin motar sai tai ta lilo. Sai nai odar irin na zamani mai kamar bututu daga Ingila, gaba da baya. Na bayan ba matsala, mun kwance tsohon mun ɗaura sabo, shikenan. Na gaban ne wahala, don a motar nan tsohon shokozoban shi ne kuma hannun sama da ke riƙe da ƙafar, ba ya ciruwa, dole muka bar shi muka ɗaura sabon a gefensa.

Tun daga nan gaban ya sandare kamar amalanke, ƙaramin rami ma sai na ji shi har haƙorana, in na hau gargada kuma sitiyari ya dinga fizga.

Na mayar da saitin sabon kan mafi laushi, na rage iskar taya, bakanike ya canza bushin (robobin mahaɗar ƙarafan ƙafar mota) duka, sifirin ma mun duba lafiyarsa lau. Ba abin da ya canza. Shi dai bakaniken cewa yake wai gaban zai saki da kansa, yau sati 3 kenan.

Abu ɗaya ne ba mu taɓa ba, bawul ɗin cikin tsohon shokozoban. Shin sai an cire shi ne don kar biyun su dinga aiki tare? Na gode.